Alamomin Teburin Tela

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ake kira Wuf a gidansu. Ba shi ne sunanta na gaskiya ba. Halinta ne ya jawo mata. Idan aka aike ta, kafin a gama faɗin saƙon ta yi wuf ta fice. Sai ta isa kanti sannan ta tuna ba ta ji abin da za ta sayo ba.

Falon gidansu kuwa abin dariya ne. Talabijin na zaune a kan kujerar roba. Dikoda na kan wani tsohon kwali. Wayoyi sun barbazu a ƙasa, kullum sai ƙaninta Auta ya yi tuntuɓe da su. Rimot kuma ba a magana. Yau yana ƙarƙashin kujera, gobe yana cikin takalmin Baba.

"Wata rana talabijin ɗin nan zai faɗo wa yaron nan a ka," in ji Mama.

"Zan yi masa kantar katako da zai zauna a kai," in ji Baba.

"Tun bara kake yi masa kantar nan da baki."

Baba direba ne, amma ya ɗan zauna wurin wani kafinta yana yaro. Yana da zarto da guduma a cikin buhu. Katako ne babu.

Ana nan sai aka yi ruwan sama mai ƙarfi, rufin tsohon gidan Kaka ya rufta. Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Allah ya sa ba ta ciki. Baba ya je ya ɗauko ta, aka gyara mata ɗakin da ke kusa da na Wuf.

Wuf ta yi murna kamar me. Tana son Kaka sosai. Amma Kaka ba ta saki jiki ba. Idanunta sun yi rauni, ba ta gani sai dishi-dishi. Ba ta san inda komai yake a gidan ba. Kullum tana ɗaki, jakarta kuma a ɗaure a bakin gado.

"Kaka, ki fito falo mana," in ji Wuf.

"In yi me, ƙawata? Babu abin da hannuna ya sani a falon nan."

"To, ki kwance jakar."

"Bar ta. Ni baƙuwa ce. In wata ya ƙare zan tafi wurin ƙanwata."

Garin ƙanwar Kaka yana da nisa ƙwarai. Wuf ta san in Kaka ta tafi, sai an daɗe ba su gan ta ba. Abin ya tsaya mata a rai.

Ranar Asabar Baba ya shigo da mota cike da tarkace. Ya kwaso abin da ya rage a tsohon gidan: ƙyauren ƙofa, katakon rufi, marfin taga, da wani faffaɗan katako mai nauyi. Shi ne saman teburin mijin Kaka, wanda ya rasu tun Wuf tana jaririya. Ɗinki ne sana'arsa, kowa Tela yake ce masa. Ƙafafun teburin sun ruɓe, amma samansa na nan garau.

Mama ta riƙe ƙugu. "Wannan bolar fa?"

"Kantar talabijin kike kallo," in ji Baba.

Kaka ta ji ƙarar sauke katako, ta lallaɓo ta fito tsakar gida. Ta shafa wannan, ta shafa wancan. Da hannunta ya sauka a kan faffaɗan katakon sai ta tsaya. Ta bi bakinsa da yatsa a hankali. A gefen akwai wasu 'yan ramuka ƙanana a jere, kamar an danna kan ƙusa.

"Inna," in ji Baba, "ina so in sa shi a saman kantar. Sai in ajiye miki kujera a gefe. Kin yarda?"

"Na yarda," in ji Kaka. "Amma da sharaɗi."

"Bari in ɗauko guduma," in ji Wuf. Kafin a ce me, ta yi cikin gida da gudu.

Saboda haka ba ta ji sharaɗin ba. Ga abin da Kaka ta ce: "A yanka ko'ina, a goge ko'ina. Amma alamomin nan na bakinsa, kada wanda ya taɓa mini su. Su kaɗai suka rage mini na hannunsa."

Aiki ya fara. Tsohon katako ba kamar sabo ba ne, sai an yi masa haƙuri. Da farko aka cire ƙusoshi. Baba ya ba Auta maganaɗisu, yana jan sa a jikin kowane katako. Inda ya manne, akwai ƙusa a ɓoye.

"Na kama wata," in ji Auta, yana tsalle.

Wuf ta zana wurin da alli, Baba ya zare ƙusar. Mama da ta ce bola ce, ita ce ta ƙare da wanke katakon da buroshi. Ita ta riƙe tef ɗin awo ma aka auna faɗin talabijin.

Katakon rufi ya zama ƙafafu. Ƙyauren ƙofa ya zama ɓangarori da hawa biyu, ɗaya na dikoda, ɗaya na lasifika. Marfin taga ya zama marfin 'yar durowa. Baba ya huda baya don wayoyi su wuce, iska kuma ta shiga.

Washegari da yamma aka kira Baba wurin aiki. Ya miƙa wa Wuf sanfefa, wato takardar nan mai kaushi da ake goge katako da ita.

"Ki goge ɓangarorin nan har su yi laushi. Shi kuma faffaɗan..."

"To, Baba, na ji."

Ba ta ji ba. Tuni ta durƙusa ta fara gurza. Baba yana sauri, ya ɗauka ta san zancen, ya fita.

Wuf ta gama ɓangarorin da wuri. Sai idonta ya faɗa kan saman teburin. Ta tuna kantar gidan su wata ƙawarta, wadda aka sayo a shago, sumul tana ɗaukar ido. Ta dubi 'yan ramukan nan, ta taɓe baki.

"Wannan ai ɓarnar ƙwari ce," ta ce a ranta. "Bari in ba su mamaki."

Ta naɗa sanfefa a guntun katako, ta hau gurzar bakin teburin. Gumi na zuba, hannu na zafi, ba ta tsaya ba. Ramukan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na farkon ne ya fi taurin kai, ta ci gaba da cin wurin har ya ɗan lotsa. Da ta gama, ta hure garin katakon, ta shafa. Sumul.

Ta ruga ta kamo hannun Kaka. "Zo ki ji aikina."

Kaka ta zo tana murmushi. Ta ɗora yatsa a bakin katakon. Ta bi shi har ƙarshe. Ta dawo ta sake bi. Murmushin ya tafi.

"Ina suke?"

"Ramukan? Na goge su tas. Ai ƙwari ne suka ci."

Kaka ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta zauna a kan wani bokiti da ke kife, ta ɗora hannu a gwiwa.

"Ba ƙwari ba ne, ƙawata. Kakanku ne. Duk jaririn da aka haifa a gidanmu, shi yake ɗinka masa rigar farko. Sai ya auna tsawon rigar daga kan teburin, ya kifa kan ƙusa a wurin, ya buga da guduma. Na farko na babanki ne. Akwai na Gwaggonki, akwai na Baffanki, da na 'ya'yansu. Na can ƙarshe, wanda ya ɗan ware, naki ne. Daga rigarki bai sake ɗinka wata ba."

Wuf ta dubi hannunta, duk garin katako.

"Kaka, ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Ba ki tsaya kin ji ba ne."

Kaka ta tashi ta koma ɗaki. Wuf ta ji ƙarar zif ɗin jaka.

Da Baba ya dawo, Wuf ba ta jira a tambaye ta ba. Ta tare shi a ƙofa ta faɗa masa komai, tana kuka. Baba ya je ya shafa katakon.

"Ni ma da laifina, da na tsayar da ke na ƙarasa maganata," ya ce. "Amma sau nawa ake gaya miki ki riƙa sauraro? Kin ga inda saurin ya kai mu."

"Baba, mu sake buga wasu da ƙusa. Ba za ta gane ba."

"Wato mu yi mata ƙarya? A'a. Kuma yatsunta sun fi idonmu gani."

Ya jingine katakon a bango, ya rufe kantar da tsohon zane. Kaka kuwa ta ce ba sai wata ya ƙare ba, ranar Asabar mai zuwa za ta tafi.

Ranar Litinin Wuf ta je makaranta ba walwala. A darasin aikin hannu kowa na manna kwali, ita ta zuba tagumi. Malamar aikin hannu ta lura. Da aka fita tara sai ta ce ta tsaya.

"Yau ba ki riga kowa fita ba. Lafiya?"

Wuf ta ba ta labari daga farko har ƙarshe.

Malama ta yi ɗan tunani. "Zan yi miki tambaya. Ki bari in kai ƙarshenta kafin ki amsa."

Wuf ta kama bakinta da hannu.

"Ramukan nan, yanka su aka yi da wuƙa, ko danna su aka yi?"

"Danna su aka yi, Malama. Da kan ƙusa."

"Da suka ɓace, kin tsaya, ko kin ci gaba da gurza?"

"Na tsaya. Sai dai guda ɗaya, na ci wurin sosai."

"To, zo ki gani."

Malama ta ɗauko guntun katako a kwandon aji. Ta kifa kan ƙusa, ta buga, ya yi ɗan rami. Ta ba Wuf sanfefa ta goge har ramin ya ɓace. Sannan ta tsiyayo ruwan zafi daga fulas ɗinta, ta jiƙa tsumma, ta ɗora a wurin.

"Yanzu sai jira."

Jira shi ne abin da Wuf ta fi tsana a duniya. Ƙafarta na rawa, hannunta na ƙaiƙayi. Ta kai hannu, Malama ta girgiza kai. Ta janye. Can Malama ta ce ta ɗaga tsumman ta shafa.

Wuf ta shafa. Ta zaro ido. A daidai inda ramin yake, wani ɗan ƙullutu ya taso, zagaye, girman kan ƙusa.

"Malama, ya dawo. Amma sama ya yi."

"Haka ne. Lokacin da aka buga ƙusar, katakon wurin bai tafi ko'ina ba, matsewa ya yi. Ke kin goge na kewaye da shi ne. Da ya sha ruwa da zafi sai ya kumbura ya miƙe." Malama ta ɗaga yatsa. "Amma ki ji sauran. Katakonku tsoho ne. Zai iya tasowa, zai iya ƙi. Ki nemi izinin kakarki tukuna, tunda kayanta ne. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a wurin, a ɗora dutsen guga mai zafi a kai, amma ki bari babba ya riƙe shi. In kuma sun taso, kada sanfefa ta ƙara zuwa wurin. Maimaita in ji."

Wuf ta maimaita duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Da ta koma gida ba ta yi gudu ba. Ta yi sallama a ƙofar Kaka, ta durƙusa, ta sa mata guntun katakon a hannu.

"Kaka, ki yafe mini. Na ɓata miki abin da ba nawa ba. Akwai wata dabara da Malama ta koya mini. Ban yi alkawarin za ta yi ba. Kin ba ni izini in gwada?"

Kaka ta murza ƙullutun da babban yatsa. "Yau ke ce da neman izini? To, gwada. Abin da ya ɓace ai ba zai ƙara ɓacewa ba."

Aka kwantar da katakon a tsakar gida. Mama ta sa dutsen guga a wuta. Baba ya tsaya da hannu a aljihu. Auta ya tsuguna, har da maganaɗisunsa, ko za a buƙata. Wuf ta jiƙa tawul, ta matse, ta shimfiɗa a bakin katakon. Mama ta ɗora dutsen. Tururi ya tashi, ƙamshin tsohon katako ya cika gidan.

Suka ɗaga tawul. Wuf ta shafa. Babu komai.

Hawaye ya cika mata ido. Auta ya ce, "Bai yi ba."

"Malama ta ce tsoho ne," in ji Wuf. "Mama, a sake. A hankali."

Suka sake jiƙawa, suka sake ɗorawa. Suka bar shi ya huce. Suka kuma. Wuf ta zauna a kan hannuwanta don kada ta yi saurin ɗagawa. Baba ya gani, ya kau da kai yana murmushi.

Da aka ɗaga a karo na gaba, Wuf ba ta taɓa ba. Ta je ta riƙo Kaka.

"Ke za ki duba. Ni tsoro nake ji."

Kaka ta sunkuya, ta ɗora yatsa. Ta tafi a hankali. Sai yatsan ya tsaya.

"Gwaggonki," ta ce a hankali. Yatsan ya matsa. "Ga Baffanki, mai dogon jiki tun yana jariri." Ta ci gaba tana kiran jikoki ɗaya bayan ɗaya. Can ƙarshe ta tsaya a kan wanda ya ɗan ware. Ta daɗe a wurin. "Ga ki nan, sarkin sauri. Kin ma fi kowa tasowa."

Auta ya fasa ihu. Mama ta rungume Wuf da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da dutsen guga can nesa. Wuf na dariya, hawaye na zuba.

"A da sai na lalubo su a rami," in ji Kaka. "Yanzu su suke tarar yatsana."

Baba ya gyara murya. "Inna, ban ji an kira ni ba."

Kaka ta koma farkon layin ta shafa. Wurin ya lotsa, babu komai. A nan ne Wuf ta ci katakon da yawa.

"Kai kam an share ka," in ji Kaka.

Wuf ta sunkuyar da kai. Wannan ɗaya ba zai dawo ba, ta sani, kuma ya yi mata zafi.

"Ba komai," in ji Baba. "Ga ni nan da raina, duk mai so ya zo ya shafa."

Har Kaka sai da ta yi dariya. Sannan ta ce a kawo ƙusa da guduma. Ta auna da tafin hannunta daga kan katakon, ta nuna wani wuri kusa da lotsawar.

"Nan rigarsa ta tsaya. Wadda ta share, ita za ta buga sabo. Ba na kakanku ba ne, kowa ya sani. Na jikarsa ne." Ta juya wajen Auta. "Wannan kuma bai samu Tela da rai ba. A nemo rigarsa ta farko."

Mama ta binciko ta a ƙasan akwati. Aka auna, Wuf ta buga alama biyu. Kafin kowane bugu sai ta tambaya, "Nan ne, Kaka?" Sai Kaka ta ce nan ne, sannan gudumar ta sauka.

Sauran aikin ya tafi lafiya. Baba ya ɗaura saman a kan kantar. Wuf ta shafa man katako da tsumma mai laushi, tana lallaɓa wurin alamomin. Launin katakon ya fito, ja-ja mai duhu. Ramukan tsofaffin ƙusoshi na nan a jikin ɓangarorin, ba wanda ya ce a toshe su.

Ranar Asabar aka shigar da ita falo. Talabijin ya sauka daga kujerar roba, ya hau mazauninsa. Wayoyi suka bi ta baya suka ɓace. Rimot ya samu durowa. Maƙwabciyarsu ta leƙo, ta tambayi shagon da aka sayo.

"Shagonmu," in ji Mama, wadda ta ce bola ce.

Baba ya ajiye kujera a gefen kantar. Sai suka ji motsi. Kaka ce ta fito daga ɗaki da jakarta a hannu. Wuf ta tuna yau ce ranar tafiyar.

Kaka ta zauna a kujerar. Ta zuge zif ɗin. Ta ciro wani babban almakashi baƙi, naɗe a ƙyalle. Na Tela ne. Ta laluba ta ɗora shi a saman kantar, can ciki inda hannun Auta ba zai kai ba.

"Nan ne wurinsa tun asali," ta ce. Ta miƙa wa Wuf jakar. "Ungo, ƙawata. Kai ɗaki ki juye kayan a durowa. Ki..."

Wuf ta karɓi jakar. Ƙafarta ta ɗaga za ta ruga, sai ta mayar da ita ƙasa. Ta tsaya cak.

"Ina ji, Kaka. Ƙarasa."

"Ki rataye jakar a bayan ƙofa. Ba inda za ni."

Daga ranar, duk yamma Kaka na falo. Ba ta ganin hoton sosai, amma tana jin komai, har gardama take yi da mai karanta labarai. Hannunta kuma na kan bakin kantar, yana bin 'ya'yanta da jikokinta.

Wuf ta koyi darasin da ba ta manta ba. Ka saurari magana har ƙarshenta kafin ka tashi. Ka yi tambaya kafin ka goge abin da ba ka san ma'anarsa ba. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya, ka nemi gafara, ka gyara da haƙuri.

Sunan Wuf dai bai bar ta ba. Amma yanzu in an aike ta kanti, takan dawo da abin da aka ce ta sayo.